Wa Zai Tsaya Masa?

Wata uku bayan bikin raba kayan sana'a da muka yi a unguwarmu, na je wajen wani mai gyaran kekunan ɗinki don in karɓo na mai ɗakina. Ina shiga idona ya faɗa kan wani keke sabo fil a gefe. Na san shi, domin ni da hannuna na rubuta masa lamba da jan fenti a ƙasa. Mai shagon ya ce wani yaro ne ya kawo, kuma rabin kuɗinsa ya ba shi. Ranar ko tuwon dare ban iya ci ba.

Mu 'yan ƙungiyar unguwa ne a Ɗorayi, yawancinmu ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa. Abin da ya hana mu sukuni shi ne majalisar samari da ke cika tun hantsi. Wannan ya gama Jami'ar Bayero, ya yi bautar ƙasa ya dawo. Wancan ya ɗan taɓa N-Power da aka fara a 2016, yana karɓar dubu talatin a wata, da wa'adi ya ƙare ya dawo kan benci. Akwai ma waɗanda tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 ba su sake riƙe tsayayyen abin yi ba. Sai muka yi karo-karo, muka ɗauko masu horarwa na mako biyu, muka raba kekuna da injinan aski, aka ɗauki hotuna, kowa ya watse yana murna.

Da fushi na je gidan yaron nan. Ya bari na gama faɗa, kansa a sunkuye, sannan ya ce, "Yaya, wa zai ba ni shaddarsa in yanka? Mako biyu fa na koya." Ba shago, ba mai kawo ɗinki, ga mahaifiyarsa a kwance ana neman kuɗin magani. Na rasa abin da zan ce masa.

Wani dattijo a Kantin Kwari, aminin mahaifina, shi ya warware mini. Ya ce, "Ɗana, mu da aka kawo mu kasuwar nan ba jari aka fara ba mu ba. Shara muka yi, muka yi dakon atamfa, muka je aike. Sai da ubangida ya ga amanarmu sannan ya sallame mu, kuma da mutanensa ya sallame mu, ba da kuɗi kawai ba." Wannan kalma ta "mutanensa" ita ce ta tsaya mini a rai. Mun ba yara ƙarfe, ba mu ba su mutane ba.

Daga nan muka daina sayen kaya. Muka koma bin masu sana'a ɗaya bayan ɗaya: masu gyaran waya a Farm Centre, masu walda da kayan gini a Ƙofar Ruwa, masu haɗa takalma a Ƙofar Wambai. Duk inda muka je tambayar ɗaya ce: wa zai tsaya masa? Kuma suna da gaskiya, domin wayar da za a miƙa wa yaro ya buɗe, wani lokaci ta fi jarin teburin gaba ɗaya. Sai muka tsara takarda mai sa hannu uku, na uba ko waliyyi, na mai unguwa, da na ɗayanmu.

Ban taɓa kawo kuɗin mota a lissafi ba. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu ya tashi, yara suka fara fashi. Na ɗauka lalaci ne, har na fara shirin cire sunan wani. Wata safiya zan tafi aiki sai na hango shi a bakin titi wajen Ƙofar Famfo yana ta sauri a ƙafa, silifas ɗinsa ɗaure da waya, ashe daga Ɗorayi har Farm Centre yake takawa. Kwana biyu ya je, rana ta uku ƙafa ta ƙi. Tun daga lokacin kuɗin karo-karonmu ya koma kuɗin mota da na abincin rana, duk Asabar, kuma muna fara neman gurbi kusa da gidan yaro kafin nesa. 'Yan mata kuwa iyaye sun fi sakin jiki idan a cikin unguwa ne, wajen mata masu ɗinki ko girki na sayarwa.

Masu digiri sun fi ba ni wahala, kuma sau da yawa ba su ne matsalar ba, iyaye ne. Wani da ya karanta akanta muka samar masa wuri a shagon kayan masarufi a Singa. Mahaifinsa ya tare ni a masallaci ya ce, "Malam, duk wahalar da na sha a kansa, a ɗaukar katan zai ƙare?" Na roƙe shi ya ba mu wata shida. Yaron ya tarar da littafin bashin shagon a hargitse, ya zauna ya shigar da shi kwamfuta, ya fito da basussukan da mai shagon ya manta da su. Yanzu shaguna uku yake riƙe wa lissafi. Ina ganin da yawa daga 'yan kasuwarmu suna bukatar irinsa, sai dai ba sa tallata gurbin aiki, sai wanda aka kawo musu hannu da hannu.

Almajirai ne suka fi taɓa mini zuciya, domin iyayensu na ƙauye, ba mai sa hannun farko. Mukan je wajen malaminsu mu durƙusa mu nemi izini, a fara da Alhamis da Juma'a da ba a karatu. Ni nakan tsaya musu. Ɗaya ya gudu da wayar mutane, na biya daga albashina, kuma mai shagon bai sake karɓar yaro daga hannuna ba. Abin ya yi mini ciwo, har yau ban san inda yake ba, kuma ina yi masa addu'a. Amma abokinsa da muka kai tare yana nan. Makon jiya na tsaya a bayansa yana narka dalma a kan bakin caji, hannunsa ko rawa ba ya yi, ubangidansa ya fita salla ya bar masa shagon da aljihun kuɗin a buɗe.

Da zan tafi ya biyo ni har bakin titi. Ya ce akwai wani ƙaninsu a tsangaya mai kaifin kai, ko zan saka shi a layi. Na tambaye shi wa zai tsaya masa. Ya ce, "Baba, ni zan tsaya."