Ranar da na kusa fasa hannuna a filin harbi

Ƙannena da kuka shiga aikin ɗamara kwanan nan, musamman ku da kuka fito daga makarantar 'yan sanda ta Wudil kuna ta zumuɗin a rataya muku fistol a ƙugu, ku zo ku ji wautar da yayanku ya tafka. Maganar nan da masu kaki nake, don dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, farar hula ba ya riƙe ta sai da lasisin shugaban ƙasa.

Lokacin da aka ba ni fistol ɗin nan ƙirar Browning mai cin harsashi 13 masu kaurin 9mm, wallahi ji nake kamar an ba ni amarya, kullum sai na labta mata mai har yana naso, a tunanina gata nake mata. Ashe a hunturun Kano man nan shi ke tara ƙura, ta koma wani baƙin caɓi a ciki, ga shi yana gangarowa kan harsashin da ke magazin, wato gidan harsashi. Sannan ina da wata muguwar ɗabi'a, da safe in ɗana harsashi ɗaya, da yamma in cire in mayar da shi saman magazin, gobe shi ɗin dai zan sake ɗanawa, wata da watanni. Ban san duk bugun da yake sha kansa na ƙara nutsewa cikin kwanso ba, wanda hakan ke matse albarushi ya sa ƙarfin fashewar ya wuce kima. Magazin na biyu kuwa a mota yake yini, a zafin watan Afrilu da ke haura 40, damina ta zo na jefa shi a durowa har wasu kwanson suka fara kore-kore.

Ranar da aka kai mu filin harbi can bayan gari sai na ce bari in ƙarar da tsofaffin harsasan nan. Na farko tau, na biyu tau, na uku sai na ji "fus", kamar an buɗe lemon kwalba, bindigar ko motsi ba ta yi a hannuna ba, kwanson ma bai fita ba. Ni kuma don kar a ce oga ya kasa a gaban yara, sai na ja saman bindigar baya da sauri na ɗana wani, yatsana har ya hau kunama. Wani dattijon saje da ke tsaye a bayana ya daka tsawa, "Oga tsaya! Kar ka taɓa!" Ya karɓa, ya cire magazin, ya zare na ciki, ya kwance ta ya ɗaga bututun sama ya ce in leƙa. Duhu. Kan harsashin nan ya tsaya cak a tsakiya, don albarushin bai kama da kyau ba, ɗan turin da ya samu bai isa ya fitar da shi ba. Da na harba na huɗu a kansa, in an yi sa'a bututun ya kumbura, in ba a yi ba ya tarwatse a hannuna. Da sandar ƙarfe aka bubbuga shi ya fito.

Abin kunyar, ko a nan sai da na ce ai bindigar ce ta tsufa. Sajen bai yi musu ba, ya karɓo sababbin harsasai daga kwali ɗaya, ya goge man da tsumma, ya juye magazin biyu ba ta cije ko sau ɗaya ba, ya miƙo min ya ce "Ranka ya daɗe, lafiyarta ƙalau."

To ku riƙe wannan. In ƙara ta canza ko ba ka ji ta ture hannunka ba, dakata, a duba bututu, ko da kwamishina ne ke kallo. In kuma ka ja kunama ka ji ƙas ba ta tashi ba, kar ka juyo da ita kana leƙe, bar bakinta a saitin allo kamar daƙiƙa 30, don wani harsashin yana jinkiri ne kafin ya tashi. Duk wanda ka ga ya yi kore, ya lotsa, ko ya fi 'yan uwansa gajarta, mayar wa mai kula da ɗakin makamai. Ku dinga karanta gindin kwanso ma, akwai 9mm gajere mai 9x17, daban yake da 9x19 da irin bindigar nan ke ci, kar a haɗa. Sau da yawa kuma in kwanso ya maƙale a tsaye a ƙofar fita, sakin wuyan hannu ne, riƙo ya yi sanyi.

Sai kunne. Mu a lokacinmu gani muke toshe kunne ragwanta ne, yau shekara nawa kunnena na hagu yana ƙugi kamar da gyare a ciki, a waya ma sai na juya dama nake jin maman yara.