Notin da ba ya son ƙarfi

Asabar, Dayton, jihar Ohayo

Yau ba na zuwa gareji, na yi niyyar in rama barci bayan asuba. Ban samu ba. Wajen ƙarfe tara maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa, dattijon Bature ne da ya yi ritaya, yarana suna kiransa Kaka. Wai in zo in duba masa wani noti. Na ɗauka motar yankan ciyawarsa ce ta sake tsiya, na zura jaket na bi shi.

Muna shiga ɗakin ƙasa sai na ga bindiga shimfiɗe a kan tsohon bargo. Na ja da baya. Inda na tashi, wanda ba soja ba, ba ɗan sanda ba, ba ya wasa da irin wannan, iyakarmu bindigar toka ta maharba. Ya yi dariya, ya cire gidan harsashi, ya ja ƙarfen baya, ya sa na leƙa da idona na ga ba komai a ciki. Sai da hankalina ya kwanta sannan na matso.

M1 Carbine ce, ta mahaifinsa, irin wadda tsohon ya riƙe a yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953. Na ɗaga ta, ba ta kai kilo biyu da rabi ba, kamar ta wasan yara. A jikinta an buga Inland. Ya ce reshen General Motors ne da yake nan garin Dayton a wancan lokacin, su suka fi kowa ƙera ta, fiye da miliyan biyu da rabi cikin sama da miliyan shida da aka yi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya ba ni dariya shi ne sauran masu ƙerawar: Underwood masu tafireta, IBM, har da Rock-Ola masu akwatin kiɗa. Yaƙi ya mai da kowa maƙeri.

Ciwonta: a filin harbi makon jiya, in ya harba ɗaya sai kwanson harsashi ya maƙale, na biyu ya ƙi hawa. Ya sassauta zoben gaba, ya zare ƙarfen daga cikin katako, ya cire sifirin da doguwar sandar da ke ja da baya. A ƙarƙashin bututu akwai wani ɗan gida, cikinsa fistin da bai fi kan ɗan yatsa ba. In harsashi ya wuce, iskar albarushi kan biyo ta wani ɗan rami ta bugi fistin ɗin, shi kuma ya yi tafiyar da ba ta kai rabin santimita ba, ya mangari sandar, ita ta ƙarasa sauran aikin da kanta. Dabarar David Marshall Williams ce, mutumin da ya fara zane-zanen bindiga yana kurkuku a Karolina ta Arewa. Abin da ke tsare fistin a gidansa noti ne guda ɗaya mai tsagogi a baki. Na taɓa shi da farce, sai ga shi yana juyawa. Baƙin toka ya zagaye wurin, alamar iska na zurarewa.

Shekara ashirin ina ɗaure noti, tun ina yaron gida a Kano. Hannuna ya riga tunanina, har na kai ga filaya. Kaka ya riƙe min wuyan hannu. Ya buɗe wani gwangwanin alewa ya fito da 'yar sifana mai haƙora da aka yi don wannan notin kaɗai. Ya ce sojoji ma ba a ba su izinin kwance shi ba, aikin masu gyaran makamai ne, kuma an yi harsashin bindigar da sinadarin da ba ya cin ƙarfe don kada buƙatar buɗe wurin ta taso. Haƙoran notin ƙanana ne ƙwarai. In suka hau a karkace, ko gidan ya tsage, to an shiga uku, domin a jikin bututu yake.

Don me ya kira ni ke nan? Hannunsa na rawa, idonsa kuma ya yi rauni. Ya san aikin, hannu yake nema aro.

Tunda ya riga ya saki, muka fito da shi gaba ɗaya. Na kankare dattin fistin, na goge tas. Na ɗauko mai, ya girgiza kai: a bushe ake barin sa, mai yana ƙonewa ya zama gawayi. Na mayar da notin da yatsu, sai da na juya shi baya na ji haƙori ya faɗa gurbinsa sannan na yi gaba. Da sifana kuma ya ce in tsaya da zarar ya zauna. Raina bai so ba. Maigidana na da yakan ce notin da bai yi kuka ba bai ɗauru ba, kuma Allah ya sani na sha tsinke kusoshi saboda wannan karatu.

Saura kullewa. A bakin gidan akwai tsoffin tabo inda aka taɓa dannan ƙarfe ya shiga tsagar notin don kada ya warware. Na tambaye shi ko a ɗiga gam ɗin noti irin wanda muke sa wa inji. Ya ce wasu na yi, amma wurin yana zafi, kuma ɗigo ɗaya ya ɓata hanya sai fistin ya manne. Ya tallafe ƙasan da katako, na ɗora ɗan ƙarfe mai tsini, na ɗauki ƙaramar guduma. Zufa nake a ɗakin da sanyi ke ratsa ƙashi. Bugun farko ko alama bai yi ba. Na biyu ƙarfen ya ɗan lotsa ciki. Ya ce ya isa.

Sai ya ɗaga bututun kusa da kunnena, ya karkata shi sama, ya karkata ƙasa. Ƙit, ƙit. Fistin na yawo a sake, noti bai motsa ba. Dattijon nan ya yi ta maimaitawa kamar yaro da sabon abin wasa.

Ya so ya biya ni, na ƙi. Ya haɗa ni da kwalbar zuma. Na dawo azahar ta kusa fita, Maman Yara ta kalli hannuna ta ce ai ta ɗauka yau hutu ne. Ya ce in raka shi filin harbi Asabar mai zuwa mu ga ko kwanso zai fita. Na ce sai na yi shawara, ita kuwa tun daga kicin ta ce an gama shawarar.