Lambun Aburi: rimi, ceɗiya mai rami, da kyamarar da ta saba da ranar Arewa

Tun a bakin ƙofa lambun Aburi, wani lambun itatuwa a ƙasar Ghana, ya makantar mini da kyamara. Na zaro ta daga jaka, na kai ido, sai fari fat, kamar an shafa wa gilashin kunu. Raɓa ce. Mai masaukina a Zangon Madina da ke Akra, dattijon da ban taɓa sani ba sai ta hanyar wani ɗan'uwa, ya bar mini ɗakinsa mai na'urar sanyi shi ya koma falo. Da na nemi in yi gardama sai ya ce, "Ɗana, baƙonka sarkinka, je ka kwanta." To a sanyin nan kyamarar ta kwana, jaka mai soso kuma ta riƙe sanyin har kan tudu, tana haɗuwa da iska mai laima sai ruwa ya kwanta a gilashi. Maganin abin haƙuri ne na minti 15 zuwa 20. Kada a goge, don yana sake taruwa nan take, kuma kada a kuskura a cire gilashin daga jikin kyamara, sai laimar ta shige ciki. Abin da ya fi shi ne kayan su kwana a inda babu na'urar sanyi, ko a zuge jakar rabi tun a mota.

Aburi tana kan tsaunukan Akuapem, wajen kilomita 30 arewa da Akra, ko Ankara kamar yadda tsofaffin zango ke cewa. Daga tashar Madina ake shiga ƙaramar bas ɗin nan da suke kira tirotiro, a bi ta Adenta da Oyarifa, daga Ayi Mensah kuma hanya ta fara hawa tana murɗewa. Idan babu cunkoso ba a cika awa guda ba. A nemi kujerar taga, don ana hawa birnin yana shimfiɗuwa a ƙasa. Amma da an iso Peduase, inda gidan hutun shugaban ƙasa yake tun zamanin Nkrumah, a mayar da kyamara cinya. Gidan gwamnati ko'ina gidan gwamnati ne. Karen motarmu kuwa, da ya ji harshena ba na gari ba ne, sai ya yi kamar ya manta da canjina, na tuna masa sau biyu yana kallon titi. Wata mata mai kwandon abarba ce ta yi masa magana da Turancinsu da yarensu, ya miƙo kuɗin ba tare da ya waiwayo ba. A tanadi ƙananan sidi, kuɗin ƙasar, shi ne zaman lafiya.

A ƙofa kuɗin baƙo daban, na ɗan ƙasa daban. A faɗi tun a nan cewa ana ɗauke da babbar kyamara, kuma a bayyana ko hoton yawon buɗe ido ne ko na sana'a, irin na amare da talla, don lissafinsu ba ɗaya ba ne. A riƙe rasit.

An buɗe lambun a watan Maris na 1890, a filin da Turawan mulkin Gold Coast, wato Ghana ta yau, suka gina gidan jinya a 1875, saboda tudun ya haura mita 400 kuma iskarsa ta fi ta bakin teku sauƙi. Wanda ya fara kula da shi, William Crowther, a lambun Kew na Landan ya samu horo, kuma aikin farko ba na shaƙatawa ba ne. Gonar gwaji ce: a raini dashen koko (wanda ake yin cakulan da shi) da roba da kayan ƙamshi a raba wa manoma. Duk filin ya kai kusan hekta 65, amma wanda aka gyara ake zagayawa bai wuce hekta 12 da ɗoriya ba, sauran kurmi ne. Mai ɗaukar hoto da gaske ya ware awa huɗu. Mai wucewa kawai, awa ɗaya da rabi ta ishe shi.

Daga ƙofa sai layin nan da kowa ya sani a hoto, dogayen itatuwa jere hagu da dama, dangin kwakwa ne da asalinsu daga yankin Kuba, jikinsu fari-fari sumul kamar an zuba siminti, can sama kuma wuya kore shar kafin ganye. Ba su da kaushin giginya ko rassan goruba. Kuskuren da na ga kusan kowa yana yi shi ne ya tsaya a bakin layin ya ɗaga waya sama. Sai itatuwan su kwanto ciki kamar za su faɗo wa juna, sararin sama ya ƙone fari, fuskar wanda ake ɗauka ta yi duhu. A ja baya sosai, a sa dogon gilashi mai jawo nesa, milimita 85 zuwa 135, ko ninki uku a waya, a riƙe kyamara a miƙe daidai ƙirji. Nisa ne ke matse itatuwan su zama kamar ginshiƙan masallaci. A tsaya tsakiyar hanya cif, don taku ɗaya gefe yana karkata layin duka. Na rage haske da kashi biyu cikin uku na mataki (mataki ɗaya shi ne ninka haske ko rage shi rabi), saboda farin jikin itacen yana saurin ƙonewa, kuma abin da ya ƙone fari ba ya dawowa a kwamfuta. Lokacinsa kuma gajere ne. A nan rana kusan ƙarfe shida take fitowa duk shekara, kafin tara da rabi ta yi tsaye ta fara zuba inuwa baƙa ƙirin a ƙarƙashin ido. Duk wanda ya iso sha ɗaya ya zo cin abinci ne.

A nan ne wanda ya koyi hoto a Arewa zai gane hannunsa ya saba da wani abu daban. Mu a gida haske yawa yake yi mana, ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, 100 ne tun safe har la'asar, damuwarmu ƙura da ƙyalli. A ƙarƙashin itatuwan Aburi, ƙarfe tara na safe, sai da na kai ISO 1600 kafin in samu saurin ƙiftawa na 1/125 na daƙiƙa a f/4, wato faɗin ƙofar gilashi. Kada a ji tsoron ɗaga shi. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana gyara shi, wanda hannu ya girgiza kuwa sai shara. Na biyu, hasken da ya ratso ganye kore ne, yana mayar da farar riga kamar an wanke ta da ruwan kuka, baƙar fata kuma ta yi toka-toka. A riƙe farar takarda a aljihu, a ɗauke ta a inuwar da za a yi aiki, a saita farin kyamara a kanta, ko a ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, a gyara daga baya. Na uku, kuma shi ya fi ɓarna, hasken da ke ɗigowa ta tsakanin ganye tabo-tabo. Ido yana ganinsa da kyau, kyamara kuwa tana mayar da shi kamar ƙyasbi a fuska. A matsar da mutum cikin inuwa sosai, ko a jira gajimare ya rufe rana. Ranar da hadari ya lulluɓe sama, wadda a gida za mu ce ba ranar hoto ba ce, ita ce ranar lambu.

Akwai ƙaramin gilashi mai kashe ƙyalli da ake ɗaurawa a gaba, wanda ake rubuta wa CPL. Ganyen kurmi mai sheƙi ne kamar an shafa masa mai, musamman bayan yayyafi, idan aka murza gilashin a hankali sai farin ƙyallin ya ɓace, koren gaskiya ya fito. Sai dai yana cin haske kusan mataki biyu, don haka a fili yake da amfani, a cikin duhuwa sai da sanda mai ƙafa uku.

Rimin ne ya tsayar da ni. Ana cewa shi ne ya rage daga asalin kurmin da ya rufe tudun kafin a share. Duk wanda ya san Zariya ya san rimi, unguwanni ma da sunansa ake kiransu, audugarsa kuma mun kwana a kanta a matashi. Amma namu na ƙasa mai ƙishi ne. Wannan ya sha ruwa ya ƙoshi, saiwoyinsa sun tashi daga ƙasa kamar katangu, mutum zai shige tsakanin biyu a daina ganinsa. Na ɗauke shi sau wajen goma shi kaɗai, duk ya fito kamar kowane itace. Girma ba ya fitowa a hoto sai an ba shi ma'auni. Sai da na roƙi wani ma'aikacin lambu ya tsaya a gindin da tsintsiyarsa, na koma baya har ya zama ɗan tsito a ƙasan hoton, sannan rimin ya zama rimi. A ɗauka a tsaye, a bar mutumin a kusurwa, kuma kada a yi ƙoƙarin cusa itacen duka. Gindi da rabin jiki sun fi ba da tsoro. Na nuna masa hoton, ya yi dariya, na ba shi na goro. Haka ya dace, kuma tambaya kafin ɗauka wajibi ce, don mutanen nan ba sa son a ɗaga musu kyamara haka kawai.

Can gaba akwai wata dangin ceɗiya da ɓaure mai labari. A 1906 aka ganta ta tsiro a saman wani kawo, irin yadda tsuntsu ke yar da iri a reshe. Ta riƙa sako saiwoyi ƙasa tana naɗe shi, zuwa 1936 ta gama da shi. Kawon ya ruɓe ya bar rami, yanzu mutum yana shiga cikin itacen ya ɗaga kai ya hango sama ta tsakanin saiwoyi kamar saƙar raga. Kaucin da muka sani yana shan ruwan itace ne ya bar shi a tsaye, wannan kuwa gadon gidan ta ci gaba ɗaya. Ɗaukar cikinta shi ne aiki mafi wuya a lambun. Ciki duhu, ramukan sama haske, babu saiti ɗaya da zai riƙe duka biyun. A sa gilashi mafi faɗi, milimita 16 ko abin da ya yi kusa, a jingina baya da jikin itacen, a ɗauki uku a jere: ɗaya daidai, ɗaya ƙasa da mataki biyu, ɗaya sama da mataki biyu, a haɗa su daga baya. A nan kam waya mai HDR, wadda ke yin wannan haɗin da kanta, ta kusa kunyata babbar kyamara. Kada a kunna filasha, tana mayar da wurin kamar ɗakin ajiya. A duba ƙasa da jikin itacen kafin a jingina, akwai tururuwa masu cizo.

Sashen kayan ƙamshi na hanci ne fiye da ido. Mai zagayawa da baƙi ya murza ganye ya miƙo, sai ga kirfa, ga kafur, ga gyaɗar ƙamshi, abubuwan da muka saba gani a ƙulle a leda wajen 'yan koli, yau ga su a tsaye da rassa. Kuɗin da aka ba shi bai faɗi ƙasa ba, don ba don shi ba da na wuce su ina zaton itatuwan banza ne. A hoto kuwa duk kore ne iri ɗaya, sai an matso. A sa f/8 don gaba da bayan ganyen su fito, kada saurin ya gaza 1/250 saboda iskar tudu ba ta barin reshe ya tsaya, farar takardar nan kuma a riƙe ta ƙasa ta maido haske. Bayan kowane itace a ɗauki allon sunansa. Da an koma gida ba a tuna wanne ne wanne. Akwai wata ciyawa mai kunya da ke naɗe ganyenta da an taɓa, ita bidiyo take so.

Itatuwan da manyan baƙi suka dasa, har da na Sarauniya Elizabeth ta biyu na 1961, ban ga abin ɗauka a jikinsu ba sai allunan. Busasshen itacen da aka sassaƙa da siffofin mutane suna hawa kan juna ya fi su, kuma haske daga gefe yake so don sassaƙar ta yi zurfi. Tsohon jirgi mai saukar ungulu da ke ajiye a ciyawa na yara ne da masu hoton kansu.

Ranar aiki na je, har sha ɗaya lambun kamar nawa. Asabar da Lahadi da ranakun hutu na 'yan coci ne da amare da ɗalibai da lasifika. Game da watanni, daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturunmu yana isowa har nan, sama ta yi fari, nesa ta dushe, kuma ba lokacin canza gilashi a fili ba ne. Afrilu zuwa Yuni ruwa ne sosai, lambun ya fi kyau amma sai da leda da tawul a jaka. A zuba ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a kuma shanya kayan a iska da dare, don naman gwari yana tsirowa a cikin gilashi idan ya daɗe a jiƙe.

Abinci a gari ya fi na wuraren baƙi araha nesa ba kusa ba. Na ci wake da shinkafa, wanda suke kira waakye, sunan ma namu ne aka lanƙwasa, kuma mai sayarwar da Hausa ta sallame ni, irin tasu ta zango da mace ma "ya zo" ake ce mata. A kasuwar masu sassaƙa ta bakin hanya farashin farko na Bature ne. Na taya ƙasa da rabi a kan wata kujerar katako, muka daidaita kaɗan sama da rabi. A juya ƙasanta a duba tsaga, ɗanyen katako ba ya jure bushewar Arewa.

Da azahar na ƙarasa Mampong, 'yan kilomitoci gaba, zuwa gonar da Tetteh Quarshie, wani ɗan ƙasar, ya dasa kokon da ya kawo daga tsibirin Fernando Po a 1879. Ƙarama ce, rabin awa ta isa, kuma duhunta ya fi na Aburi. Na sauko da la'asar, cunkoson Adenta ya cinye abin da ya rage na yinin. Hotuna 412 na tarar a katin, na ajiye 23, bakwai daga ciki na rimin ne.