Godiya bayan Hajiya ta kammala ƙarin ruwan sankara

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda. A madadin ƙannena, ina sanar da ku cewa mahaifiyarmu ta karɓi zagayen ƙarshe na kemo, wato ƙarin ruwan magani, da ake ba ta saboda sankarar mama. Alhamdu lillahi, jiki da sauƙi, har ta fara ƙorafin cewa miya ba ta ji gishiri ba.

Godiyar farko ga likitarta, wadda ba ta bar mu cikin duhu ba. Ta ce ƙwayar sankara ba ta da aiki sai rabuwa, ɗaya ta zama biyu, kowane magani kuma da inda yake tare ta. Doxorubicin, wanda Hajiya ke kira jan ruwa saboda har fitsari yake rinawa, yana kutsawa cikin DNA, wato zaren gado da ke cikin ƙwayar, ya hana ta kwafe kanta. Shi ne mai taɓa zuciya, shi ya sa sai da aka yi mata hoton zuciya kafin a fara. Cyclophosphamide da ake haɗa su tare yana ɗaure zaren DNA da juna. Daga baya aka koma paclitaxel, wanda asalinsa daga ɓawon wata bishiya aka samo shi a Amurka. Shi daskarar da 'yan zaruruwan da ke raba ƙwayar gida biyu yake yi, sai ta maƙale a tsakiya ta mutu. Shi ne ya kashe mata kan yatsu har ta daina jin 'ya'yan carbi, jikokinta suka riƙa yi mata lissafi.

Magungunan nan ba sa tambayar mai laifi, duk abin da ke saurin rabuwa suna taɓa shi: gashi, fatar baki, ɓargo. Mako na biyu bayan kowane ruwa fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta kan yi ƙasa, in zazzaɓi ya kai digiri 38 sai asibiti ko da tsakar dare ne. Dalilin hana dubiya ke nan. Waɗanda suka zo daga Shari'a Mansur ta Makka suka tsaya a bakin ƙofa ba su yi fushi ba, Allah ya saka da alheri.

Gwaggo, kunun gyaɗarki ne ya riƙe ta lokacin da baki ya yi gyambo. Kawu, mota da man mota, Allah ya biya ka. Masu kawo sassaƙe, mun ga niyyarku, amma likita ta hana haɗawa, kuma na bi bayanta.

Saura gashin na'ura, wato gasa wurin sankarar da hasken na'ura, muna barar addu'a. An buɗe dubiya bayan La'asar. Mai mura ya bugo waya.