Hannu nawa keken zai bi kafin ya isa?

Shagon kekunan da nake tsaro a Birnin Kebbi na kawuna ne, kuma shekarata ta biyar ke nan a ciki. Da can ciniki a bakin ƙofa yake ƙarewa. Mutum ya zo, ya hau, ya zaga sau biyu, ya biya, ya tura abinsa. Bayan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, masu neman keke suka ƙaru, yawanci malaman makaranta da ƙananan ma'aikatan da suka jingine babur. Na fara sa hotuna a Facebook da WhatsApp, sai ga kira daga Yawuri, daga Zuru, daga Sakkwato, har daga Gusau. Ban taɓa aika keke ko'ina ba a lokacin, kuma a zatona babu wani abin koyo a ciki.

Wani malamin makaranta a Gusau ne ya fara saye daga nesa. Keke mai giya, ɗan gwanjo amma tsaf, zai ba ɗansa kyautar saukar Alƙur'ani. Na samo kwali, na cire tayar gaba, na cusa komai ciki, na naɗe da salatif. A tasha direban da zai wuce Gusau ya faɗi kuɗin da na ga ya yi yawa, wai kwalin zai cinye masa but. Sai wani mai zuwa Sakkwato ya ce zai ɗauka a rabin haka. "Kawo wanga kaya, ɗiyana. In na isa sai in ba wani abokina mai zuwa Gusau." Na miƙa, na karɓi lambar wayarsa, na koma shago ina jin na rage wa mai saye kashe kuɗi.

Tafiyar da ba ta wuce ta wuni ɗaya ba, kilomita wajen 150 zuwa Sakkwato da sama da 200 daga can zuwa Gusau ta Talatar Mafara, sai da ta ci kwana huɗu. Kwalin ya kwana biyu a tasha. Da ya isa, malam ya turo mini hoto. Ƙafafun fok, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, sun matse sun kusa haɗewa, saboda an kwantar da kwalin an ɗora masa nauyi. Ƙarfen da ke riƙe da giyar baya ya lanƙwashe ya shige cikin wayoyin taya. Feda ɗaya ta huda kwalin ta leƙo waje. Walima kuwa ta riga ta wuce. Malam bai ɗaga mini murya ba. Cewa kawai ya yi: "Ba komai, haka Allah Ya nufa. Yaron ne dai ya yi kwana biyu yana leƙen ƙofa." Wannan maganar ta fi mini zafi a kan a zage ni.

Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Hannu nawa ya bi?" Na ƙirga masa: direban farko, da wanda aka bar wa ajiya a tasha, da mai baron da ya tsallaka da shi, da direba na biyu, da yaron da ya sauke. "To, wa za ka riƙe cikinsu?" Babu. Kowa zai ce haka ya karɓa. Daga kuɗin shago aka sayi sabon fok aka biya bakanike a Gusau, kuma abin da aka kashe ya ninka rarar da na yi murnar samu sau da yawa. Tun daga ranar, kafin in tambayi nawa ne, sai na tambayi sau nawa za a sauke kayan a sake lodawa. Duk ɓarnar da na gani a wannan aiki wajen sauke lodi take faruwa, ko wajen kwana a inda babu mai kula.

Da na ji jiki a tasha, sai na nufi wani kamfanin aika kaya, ina ganin can ne mafita. Yarinyar da ke kan kanta ta ɗora kwalin a sikeli, kilo 17. Sannan ta ɗauko tef ta auna shi: tsawo santimita 140, tsayi 75, faɗi 20. Ta ce za a caje ni kuɗin kilo 42. Na ce ƙanwata, ai yanzu sikeli ya nuna 17. Ta yi mini bayani da haƙuri: ana ninka tsawo sau tsayi sau faɗi, a raba da 5000, abin da ya fita shi ne nauyin gurbin da kayan ya cinye a mota ko a jirgi, kuma wanda ya fi yawa tsakaninsa da na sikeli shi ake biya. Haka manyan kamfanoni irin su DHL suke lissafi. Na buga a waya, ya fita daidai. Ashe abin da direban Gusau ya faɗa mini ke nan da ya ce kwalin zai cinye masa but, shi dai da ido ya auna. Darasin da na ɗauko a nan ya yi mini amfani ko a tasha. Iskar da ke cikin kwali ma kuɗi ce. In na yanke santimita 10 daga tsawon wancan kwalin, lissafin ya sauko zuwa 39.

Mafi yawan abin da ke kare keke kuwa a shago ake yinsa, tun kafin a ga direba, kuma a nan laifina yake a aiken farko. Yanzu feda nake fara cirewa da sifana mai lamba 15. Ta hagu zarenta a juye yake, ɓangaren da ake ɗaure sauran kusoshi nan ake kwance ta, kuma yara da yawa sun cinye zaren saboda rashin sanin haka. Ina sassauta kan keken in juya shi ya kwanta a jikin firam, in sa tsumma tsakaninsu in ɗaure. Sirdi ya fita. In na cire tayar gaba, sai in yanko guntun katako santimita 10, daidai faɗin bakin fok, in cusa tsakanin ƙafafun in ɗaure da roba. Wannan ɗan katakon da ba ya da kuɗi, da na sa shi tun farko da yaron ya hau kekensa ranar walima. Giyar baya ina kwance ta daga mariƙinta, in naɗe da tsohon tub, in ɗaure ta a cikin firam. Ba na sace iskar taya duka, domin ita ke kare rim in an dangwarar da kwalin. Ƙananan kusoshi da feda su shiga leda guda, a manne ta a ciki. Sai in rufe in girgiza. In na ji wani abu yana motsi, ban gama ba. Da damina kuma kwali kansa sai ya sha leda, don kwalin da ya jiƙe ya tashi daga aiki.

A tasha na daina ciniki da direba a gefe. Ofishin 'yan yuniyan nake zuwa, a rubuta saƙon a littafi da lambar mota da sunan direba da wayar mai karɓa. Akwai ɗan abin da ake biya, amma in wani abu ya faru akwai teburin da za ka je ka tsaya. Ina ɗaukar hoton keken kafin in rufe, da hoton kwalin a cikin motar, in tura wa mai shi nan take. Ba na barin wurin sai na ga an tsayar da kwalin a tsaye, an jingina shi da gefe, ba a kwantar da shi ƙarƙashin buhun shinkafa ko na albasa ba. Motar safe nake nema, musamman ta hanyar Zamfara, inda direbobi ba sa son dare ya same su a hanya saboda halin tsaro. Motar da ta tashi a makare, kayanta ne ke kwana.

Kamfani yana da ranarsa, kuma ba na rainawa. In keken mai tsada ne, ko zai je Abuja ko Legas, inda dole sai an canja mota, na fi so ya bi hannun masu ba da rasit da lambar bin sawu. Amma ina faɗin ainihin kuɗin keken a rubuta a takarda, in kuma tambayi nawa za su biya in ya lalace ko ya ɓata, domin wasu suna da iyakar diyya da ba ta kai kuɗin taya biyu ba sai ka biya inshora daban. Ina gaya wa mai saye farashin hanyoyin biyu da abin da ke cikin kowace, shi ya zaɓa. Wanda ya matsa sai mafi araha, ina ba shi labarin fok ɗin Gusau ba tare da na ɓoye cewa ni na yi kuskuren ba.

Bara malamin nan ya sake kira, ƙanin yaron ne ya kai a saya masa nasa keken. Na haɗa kwalin da daddare, da asuba na kai tasha, na jira motar Gusau ta cika, na biya abin da direba ya ce ban rage ko sisi ba. Ya tsayar da kwalin bayan kujerar ƙarshe, ya zagaye shi da igiya. Ana kiran la'asar waya ta yi ƙara. Malam ne, yana tambaya ta wane ɓangare ake ɗaure fedar hagu, ina jin muryar yaron a bayansa yana cewa a yi sauri.