Baƙin rami, abin da ido ba ya gani

Jiya da dare na daɗe ina kallon hoton baƙin ramin nan na sararin samaniya da masana suka fitar a 2019: zobe mai launin wuta, tsakiyarsa duhu ƙirin. Shi kansa ramin ba ya ganuwa, don ƙarfin jansa ya kai ko haske ya faɗa ciki ba ya fitowa. Zoben hasken iskar gas ne mai tsananin zafi da ke kewaye shi.

Ni dai hujjar da ta fi gamsar da ni cewa akwai baƙin rami ta riga hoton. Shekara da shekaru masana suna bibiyar taurarin da ke tsakiyar babban gungun taurarin da ranarmu take ciki, suka ga suna ta zagaya wani wuri da ba a ganin komai, a guje. Ɗaya daga ciki, S2, kusan shekara 16 yake ɗauka ya kammala zagaye. Da aka yi lissafi, nauyin abin da ke jansu ya kai na rana miliyan 4, a dunƙule cikin ɗan ƙaramin waje, alamar cewa nan ma akwai baƙin rami. Ikon Allah! Wannan aikin ne ya sa Reinhard Genzel da Andrea Ghez suka samu kyautar Nobel a 2020.