Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Turmin da Aka Bar Mini

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda na dawo Kaduna daga wankan gida da goyon fari, Inna ta haɗo ni da garin kunu da daddawa da kuka. Yau zan taɓa maganar da na daɗe ina kewaya ta, wato Katsina, da yadda na kwashe kusan shekara arba'in ina shirin komawa.

Lokacin da aka kawo ni Kaduna amarya a 1985, ban ɗauka na bar gida ba, domin jiha ɗaya muke. Katsina da Daura da Funtuwa da Zariya har Kafanchan, duk gwamna ɗaya ke mulkinsu. Da nake kuka a jikin Inna ranar da za a tafi da ni, cewa ta yi, "Haba ɗiyata, mi ne na kuka? Babban birninmu za ki, ba wata uwa duniya ba." Da wannan maganar na riƙa lallashin kaina a shekarun farko.

A Makera muka zauna, gidan haya, ciki da falo. Malam yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, wani mako aikin safe, wani mako na dare. Tun zamanin Sardauna, a 1957, aka fara kafa masaƙa a wannan yanki, kuma a lokacin da na zo unguwar ba ta barci. In an tashi daga aiki sai ka ga titi ya cika da kekuna, masu ƙosai da masu shayi kowa yana ciniki. Gidanmu kuwa akwai Banufiya 'yar Bida, akwai wasu mutanen Zonkwa, sai ɗakin da ke kallon namu, na wata Bakatsina 'yar Ƙofar Sauri da mijinta ma'aikacin gwamnati. Ta girme ni da kusan shekara goma, don haka Yaya nake ce mata. Ita ta koya mini hanyar kasuwa, ita ke mini kitso, a wurinta kaɗai nake sakin baki in yi Katsinancina ba wanda zai yi dariya.

Ranar 23 ga Satumba 1987, Malam yana zaune a tabarma da rediyonsa, aka ce shugaban ƙasa Janar Ibrahim Babangida ya ƙirƙiro sababbin jihohi biyu, Katsina da Akwa Ibom. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, da goyo a bayana. Yaya ta fito da gudu ba ko ɗankwali, muka rungume juna a tsakar gida. Banufiyar nan, da yake akwai wasa tsakaninmu da su, tana ta cewa to bayinta sun sami 'yanci, sai su tattara su ba ta wuri. Kowa yana dariya. Malam ne kaɗai bai tashi ba. Da dare na tambaye shi yaushe za mu fara ɗaure kaya, sai ya ce, "Ma'aikatan gwamnati ne za a mayar gida. Mu masaƙa ba ta san an raba jiha ba."

Haka kuwa aka yi. Cikin 'yan watanni manyan motoci suka riƙa shigowa unguwa suna kwasar iyalan Katsinawa. Yau a ce gidan wane sun tafi, jibi a ce su wance. Ranar da motar su Yaya ta zo, ni na taya ta naɗe katifa da jera kwanoni a buhu. Aka loda komai, sai turminta ya rasa wuri. Direba ya ce ko turmi ko keken ɗinki. Ta dube ni ta ce, "Riƙe mani shi, Lami. In kun taso kya taho mani da abuna." Na tsaya a ƙofar gida har motar ta sha kwana.

Yaya ta rasu shekaru da dama da suka wuce, Allah ya jiƙanta. Turmin yana nan a madafata. Gida uku ya bi ni, gindinsa ya tsage an ɗaure shi da waya, kuma har yau ban taɓa kiransa nawa ba.

Mutane sukan tambaye ni, me ke Katsina wanda babu a Kaduna? In don ruwa ne, Kaduna ta fi. Nan damina takan fara tun watan Afrilu ta kai Oktoba, ƙasa ta yi kore shar, masara da doya ko'ina. Can kuwa sai an yi ta duban gabas kafin ruwa ya sauka, kuma zafin bazara ba ya wasa. Na san duk wannan. Amma ni abin da idona ke nema shi ne jar ƙasar lungunan cikin birni, da Hasumiyar Gobarau da ke tsaye tun kafin kakannin kakanninmu, wadda muke hangowa in an aike mu. Ina kewar ragowar ganuwa da ƙofofin nan da muke haddacewa muna yara kamar karatu: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Guga, Ƙofar Yanɗaka, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri. Ina kewar furar gero da aka daka da safe, a dama da nonon da Fulani suka shigo da shi a ƙwarya, ba wadda ta kwana a firji ba. Da hawan Sallah a filin Kangiwa. Ina ƙarama Baba ya taɓa ɗora ni a kafaɗa na ga Sarki Usman Nagogo a kan doki, kafin rasuwarsa a 1981, kuma har gobe in na ji algaita wannan ranar nake gani.

Amma duk waɗannan masu sauƙi ne. Babban abin shi ne, a can in na bi lungu, tsohuwa za ta leƙo ta ce, "Wannan ba ɗiyar Malam na bakin masallaci ba ce?" Ta san uwata, ta san kakata, ta san ranar da aka yi sunana. A Kaduna an san ni da matar wane, daga baya uwar su wane. Mutunci ne, ban raina ba. Sai dai babu mutum ɗaya a garin nan da ya san ni ina yarinya.

Harshe ma sai da na sake. Farkon zuwana in na ce hura, ko in ce zan tahi, ko lahiya lau, sai yaran gida su yi ta maimaitawa. A hankali na gyara baki. Yanzu in na je gida biki, 'yan'uwa sukan ce Lami ta zama 'yar Kaduna, magana ma ta canza. Ba da mugunta suke faɗa ba, amma takan kwana a raina. Baba, Allah ya jiƙansa, ya taɓa ce mini in yi haƙuri, ai ko Kwalejin Katsina da ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ɗauke ta aka yi zuwa Kaduna a 1938, daga nan aka wuce da ita Zariya, ga ginin nan an bar mana. Ya faɗa ne don in yi dariya. Ni kuwa abin da na ji shi ne ba ta dawo ba.

Kada a ce na yi wa Kaduna butulci. A garin nan na shiga makarantar yaƙi da jahilci har na iya rubutun da kuke karantawa. A nan matar nan 'yar Zonkwa ta riƙe ni cikin dare, Malam yana wurin aiki, ta nemo mota ta kai ni asibiti na haifi ta biyu, ta kwana a kan benci. Wanda ya zauna Kaduna ya san mutane iri-iri, kuma ya san alheri ba shi da yare.

Malam bai manta da maganar komawa ba. Na yi ta zuba adashi da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, shi ma yana tarawa, har a 1994 muka sayi fili a bayan gari ta hanyar Batagarawa. Ranar da ya kawo takardar, ya shimfiɗa ta a kan gado ya zana mini da yatsa: nan ɗakinki, nan zaure, nan za a haƙa rijiya, nan ki shuka zogalenki. Ya ce, "In na ajiye aiki, ko kwana ɗaya ba za mu ƙara ba." Duk Sallah in mun je gida sai mun taka mun duba shi. Har bulo ɗari biyu muka sauke.

Sai rikicin watan Fabrairun 2000. Ba zan buɗe wannan babin yau ba, yana da nasa mako. Abin da zan ce kawai, mun tsallako gada da kayan jikinmu, muka fake a gidan wani ɗan'uwan Malam a Tudun Wada, mu tara a ɗaki ɗaya. Bayan ƙura ta lafa, maƙwabcin da ya ɓoye mana 'yan kayanmu ya aiko da su, har da turmin. Garin ya rabu, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, kogi a tsakani. Na durƙusa gaban Malam na ce, "Malam, ga dalili Allah ya kawo. Mu tafi gida." Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce yara huɗu suna makaranta, aikinsa yana nan, in ya tafi yanzu haƙƙinsa na shekara da shekaru ya bi ruwa. Ya ce a sayar da filin Katsina a sayi rabin fili a Rigasa, in an biya shi kuɗin sallama sai a sayi wanda ya fi shi.

Ni na ɗauko takardar daga ƙasan akwati na miƙa masa. Ban yi musu ba, don gaskiya ya faɗa. Amma na yi kwana uku abinci ba ya wuce mini.

Masaƙun kuwa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, tasu ma ta rufe. Kuɗin sallamar da aka sayar da filina dominsa, Malam ya yi ta zarya a kansa har ƙafarsa ta gaji. Ya koma Kasuwar Barci yana tsare wa wani shago, yana auna wa mutane atamfar da aka shigo da ita daga waje, shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa. Ya rasu a 2014. A nan Rigasa aka binne shi. Cikin jinyarsa ta ƙarshe ya kama hannuna ya ce, "Lami, ban kai ki gida ba." Na ce na yafe, kuma har ga Allah na yafe.

'Ya'yana a takarda Katsinawa ne. Da babban, wanda ba na faɗin sunansa, zai nemi makaranta, sai da ya je can kawunsa ya kai shi wurin mai unguwa da hakimi aka ba shi takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Kwana biyu ya yi ya dawo. Na tare shi da murna ina tambayar yadda ya ga gari, ya ce, "Umma, akwai zafi." Shi ke nan abin da ya gani. Ban ga laifinsa ba. A nan aka yanke masa cibiya, a nan abokansa suke, a nan ya yi aure.

Bara Inna ta rasu. Bayan an yi arba'in, yayana ya kira ni ya ce ɗakinta yana nan a rufe, shi da sauran 'yan'uwa sun yi shawara ba wanda ya dace da shi sai ni. Ya ce, "Ke kaɗai kika rage waje, Lami. Takaba kin gama tuni, ɗiya kin aurar. Mi kike jira?" Bayan mako guda ya ba wani direba makullin, na je tashar Kawo da kaina na karɓo. Ɗan ƙaramin makulli ne, an ɗaura masa tsumman atamfar Inna.

Na tara yaran ranar wata Juma'a bayan la'asar na ajiye shi a gabansu. Babban ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma, wa zai riƙa kai ki asibiti ranar ganin likita? Ga hawan jinin nan." Na ce can ma akwai asibiti. Ya kawo maganar hanya, ya ce tun da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 hankalinsa ba ya kwanciya da hanyar Funtuwa, ko biki za ni sai ya ce a zaga ta Kano. Na ce ai ana aikin layin dogo daga nan zuwa Kano, da wanda zai tashi daga Kano ya ratsa Katsina zuwa Maraɗi, wata rana daga tashar Rigasa za su shiga su same ni. Ya yi shiru. Sai autata, wadda ba ta ce komai ba tun da aka zauna, ta ɗago da ido jawur ta ce, "Umma, Baba fa? Shi kaɗai za ki bari a nan?"

Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. 'Yar jikata mai shekara huɗu ta rarrafo ta ɗauki makullin tana wasa da tsumman, uwarta ta karɓe ta miƙo mini. Na tashi na shiga madafa, na zauna a kan turmin Yaya har aka kira magariba.

Makullin yana cikin jakar da nake zuwa asibiti da ita. Na ce wa yayana ya ba ni zuwa bayan Babbar Sallah. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin tafiyar da na yi don in share ɗakin, da abin da na tarar a ƙarƙashin gadon Inna.